Ruwan Ciyawa a Rumfar Tela

Shekara ashirin da shida ta yi tana wanke kwalabe a ɗakin gwaji na kwalejin da ke bayan tashar mota, har unguwa ta manta sunanta ta koma kiranta Mai Kwalba. Wurin aikinta a kusurwa yake, inda famfo biyu suke, da wani dogon kwano na ƙarfe, da taga mai kallon bayan gini. Ɗalibai su gama gwajinsu su tara mata kwalabe, masu dogon wuya da masu faɗin gindi da 'yan siraran da ba su fi yatsa ba. Ita kuma ta bi su da burushi ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauraye sau uku, ta kife su a kan katako. Yatsunta sun yi fari sun tattare, sabulu ya cinye zanen da ke jikinsu.

Karatunta bai wuce aji biyu na sakandare ba. Sai dai kusurwar tata tana da wani amfani da babu wanda ya lura da shi: daga nan ana jin duk abin da malami ke faɗa a gaban allo. Ɗalibi ya ji darasi sau ɗaya ya wuce, ita kuwa kowane darasi ta ji shi sau ashirin da shida. Ta san inda malami zai tsaya ya yi gyaran murya, ta san tambayar da ke kayar da rabin aji. Wani lokaci bakinta kan riga ɗalibai ba da amsa, can ƙasa-ƙasa, idonta na kan kumfa.

Madubin likita, irin wanda ake leƙa ɗigon jini a cikinsa, ya zo hannunta ne a shekarar da kwaleji ta sayi sababbi masu aiki da lantarki. Tsofaffin, masu ɗan gilashi a ƙasa da ake juyawa ya kamo hasken rana, aka jibge su a sito. Dakta, matashiyar malamar da ke kula da ɗakin gwajin, ta tarar da ita tana goge ɗaya da gefen zaninta.

"Inna, wannan ai ya tashi aiki."

"Idonsa garau yake, Dakta. Wuyansa ne kawai ya saki."

"To ki kai shi gida ki yi jinyarsa," in ji Dakta, ta rubuta takarda ta sa hannu ta miƙa mata.

Maƙwabcinta Tela ne ya ɗaure wuyan da sukurun tsohon keken ɗinki. Ladan aikinsa, ta ɗora masa zaren da ya fi alfahari da shi a ƙarƙashin madubin. Ya leƙa, ya ɗago, ya murza ido ya sake leƙawa.

"Yanzu da wannan igiyar ɗaure saniyar nake ɗinka wa mutane riga?"

Ihun da ya yi ya tara mutum biyar a rumfar ƙofar shagonsa. Asabar ta gaba suka zama goma sha biyu. Haka zaman ya kafu, ba da shawarar kowa ba. Da ƙarfe huɗu rana take shigowa rumfar ta gefe, ta sauka daidai kan teburin yanka yadi, kafin shida ta fice. A cikin awa biyun nan Mai Kwalba ta nuna wa unguwa fatar albasa mai ɗakuna-ɗakuna kamar gidan haya, da ƙafar sauro, da gishiri wanda ashe kowace ƙwayarsa akwati ce mai kusurwa. Ta yi musu bayanin abin da ke sa ƙarfe tsatsa, da dalilin da ya sa ba a ajiye maganin da likita ya rubuta don kawai zazzaɓi ya sauka. Direbobi na zuwa, mata na zuwa da goyo, Mai Kemis na rufe shagon maganinsa ya zo ya zauna a gaba, ba don komai ba sai don ya kama ta da kuskure. Ran da ta nuna furfurarsa, rantsuwa ya yi ta yi cewa farin zaren Tela ne aka sa.

Ƙa'idarta ɗaya ce. In an yi tambayar da ba ta san amsarta ba, sai ta ce, "Ban sani ba, zan tambayo." Ranar Litinin ta tare Dakta a bakin famfo, Asabar ta dawo da amsa. Wannan "ban sani ba" ɗin shi ya sayo mata yardar mutane. Suka ce matar da ke faɗin abin da ba ta sani ba, in ta ce ta sani, to an gama.

Unguwa na cewa don Allah take yi, kuma gaskiya ne, sai dai da sauran magana. Wanda ya shekara ashirin da shida ana miƙo masa kwalba ba a kalli fuskarsa ba, in ya samu mutum talatin sun yi tsit suna jiran ya buɗe baki, akwai abin da ke shiga jininsa. Ta fi son lokacin da mutum ya ɗago daga madubin baki buɗe, ya rasa wanda zai kalla sai ita. Tun daga Laraba take fara jin yunwar wannan kallon.

Tana da yaya guda ɗaya, wadda ta girme ta da shekara tara, kuma ita ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Gidan Yaya ne na ƙarshen layi, kuma a tsakar gidan akwai rijiyar da marigayi mijinta ya haƙa. Famfon unguwa sai ya ga dama yake kawo ruwa, don haka kusan kowa a wurin Yaya yake ɗiba, ba ta taɓa hana kowa ba. Gwiwoyinta sun daɗe da ƙin tafiya, 'ya'yanta sun watse garuruwa, amma ba ta san kaɗaici ba. Tun da sassafe take zama a 'yar kujerarta kusa da bakin rijiya, mata na shigowa da bokitai, tana sasanta masu faɗa, tana duba jariri, tana yi wa mai jan guga da gaggawa tsawa. Rijiyar nan ce ƙafarta, da ita take zaga unguwa tana zaune.

Mai Kwalba kuwa tun da aka haƙa rijiyar da abu ɗaya ake gabatar da ita: ƙanwar mai rijiya. Yaya na kiranta Auta har yau, da furfurarta da komai.

"Auta, har yanzu kina nuna wa mutane ƙafar sauro?"

"Har yanzu, Yaya."

"To Allah ya ba da lada. Ki ɗauko min man zafin nan a kan taga."

Babu mugunta a maganar, kuma Mai Kwalba ta sani. Da ma da mugunta a ciki, da ta fi sauƙin ɗauka.

Wata Asabar wani direba ya ce shi ya gaji da albasa, a nuna musu ruwa, tunda an ce akwai masu rai a cikinsa. Rumfa ta ɗauka. Mai Kwalba ta ce mako mai zuwa.

Ranar Lahadi ta gwada a ɗakinta, a bakin taga. Ta ɗiga ruwan rijiyar Yaya a kan gilashi ta leƙa: farar da'ira, babu komai. Ta gwada na famfo, haka. Ta gwada na randarta, sai ɗan ƙura guda da ko motsi ba ya yi. Ta san dalili, ta ji shi sau ashirin da shida. Ƙwayoyin cutar da ake tsoro sun yi ƙanƙanta da wannan tsohon madubin, sai an shuka ruwan a faranti an sa a ɗumi kwana biyu ake gane suna nan. Ta kuma san yadda ake yi wa 'yan ajin farko don kada su yi hamma: a jiƙa busasshiyar ciyawa a ruwa, a bar ta kwana huɗu ko biyar, 'yan halittun da ke kwance a jikin ciyawar su farka su hayayyafa. Ita ce ma ke jiƙa wa kwalejin kowace shekara.

Ta tsinto ciyawa a bayan gida, ta cusa a kwalbar zuma da ta ƙare, ta zuba ruwan da ke kusa da hannunta, wato na bokitin da ta ɗebo a gidan Yaya. Ranar Asabar ta tace shi da tsumma a wata 'yar kwalba mai tsabta. A ido ya fito kusan garau.

Ba a taɓa cika rumfar Tela irin ranar ba, har kan titi. Matar farko da ta leƙa ta yi baya da sauri ta taka ƙafar Mai Kemis.

"Wayyo Allah! Gudu suke yi! Ga wani can kamar silifa, yana juyi!"

Aka yi layi. Wani ya ce ya ga mai wutsiya, wani ya ce ya ga biyu suna kokawa. Direban ya leƙa ya tofar da yawu. Mai Kwalba na tsaye tana juya ɗan gilashin ƙasa yana bin rana, zuciyarta fal. Tana da niyyar yin bayanin ciyawar, a ƙarshe, in kowa ya gama gani. Haka ta faɗa wa kanta daga baya, kuma wataƙila haka ne.

Sai wata mata, matar birkila, ta ɗago daga madubin ta ce, "Inna, wannan ruwan na ina ne? Ba dai na rijiyar Yaya ba?"

Rumfa ta yi tsit. Mai Kwalba ta gyaɗa kai.

Gyaɗawar ba ta kai ƙiftawar ido biyu ba, amma ta isa a tsaya a kanta. Da farko dai ba ta so ta ɓata wannan shirun, shiru mafi daɗi da aka taɓa yi mata. Sannan kunya: in ta ce ciyawa ta jiƙa, Mai Kemis zai ce ashe dabo ake yi musu. Akwai kuma na ukun, wanda ta fi kwana goma ba ta yarda ta kalle shi ba. Shekara da shekaru take jin ana ambaton rijiyar nan da murya ɗaya, muryar godiya. Yau ta ji an ambace ta da wata murya dabam, kuma a gabanta ake jiran hukunci. Wani abu a cikinta ya miƙe ƙafa ya ji daɗi.

Ranar Litinin rabin matan ne suka je gidan Yaya. Ranar Laraba mutum biyu, su ma wanki za su yi. Mutane suka koma tare masu kurar ruwa, waɗanda babu wanda ya san inda suke ɗebowa, wasu kuma suka riƙa tafiya har bayan kasuwa. Mai Kemis ya ce shi dama ya daɗe yana zargi. Wata ta tuna gudawar da ɗanta ya yi bara, wata ta tuna ƙurajen mijinta. Labarin ya tsallake layinsu ya shiga layuka uku, kuma a can an ƙara wa halittun haƙora.

Mai Kwalba ta yi mako guda tana bin doguwar hanya don kada ta wuce ƙofar Yaya. Asabar ta zagayo ta nuna fiffiken ƙuda, mutane sun ma fi na da yawa. Sai ranar Lahadi ta shiga.

Tsakar gidan a bushe yake ƙayau. Ba ta taɓa ganin simintin bakin rijiyar a bushe ba, ashe fari ne. Guga na rataye. Yaya na kan kujerarta, ta yi wanka ta ɗaura ɗankwali kamar mai jiran baƙi.

"Auta, kin ɓuya."

"Aiki ne, Yaya."

"Zauna. Da idonki kika gani?"

"An gani, Yaya. Kowa ya gani."

Ta shirya wa faɗa. Ta zaci Yaya za ta ce ƙarya ne, ta zagi madubin da wanda ya ƙera shi. Da hakan ta faru, da ta samu abin riƙewa. Amma Yaya sai ta sunkuyar da kai tana murza gwiwa.

"Shekara talatin da ɗaya ina shayar da mutane ƙwari. Jarirai, Auta. Masu jego nake cewa a fara ɗebar musu." Ta ɗago ta dube ta. "Da wani ne ya faɗa da na ce hassada ce. Amma ke ba kya faɗin abin da ba ki sani ba, kowa ya shaide ki. Na aika wa birkila. Lahadi mai zuwa zai zo ya zuba mata siminti a rufe, kada wani yaro ya sha bayan raina."

"Yaya, ki dakata tukuna..."

"In dakata in jira me? Ke dai Allah ya yi miki albarka da kika gano. Ashe ƙafar sauron nan taki tana da rana."

Wannan ne karo na farko da Yaya ta yabi aikinta. Mai Kwalba ta tashi ta fita.

Washegari ta je aiki da ruwan rijiyar a kwalbar da ta dafa da kanta, ta roƙi Dakta a yi masa gwaji na gaske. Dakta ta shuka shi a faranti ta sa a akwatin ɗumi. Kwana biyun nan Mai Kwalba ta fasa kwalba uku, ita da kan shekara ba ta fasa ɗaya ba. Ranar Laraba da rana Dakta ta zo kusurwarta da takarda a hannu.

"Inna, albishirinki. Ruwan nan lafiyarsa lau. Ya fi na famfon ɗakin nan ma. A dai riƙa rufe bakin rijiyar, a wanke guga, na jarirai kuma a tafasa kamar kowane ruwa." Ta dubi fuskarta. "Ikon Allah. Na ce miki lafiya lau, kin yi kamar na yi miki ta'aziyya."

A nan ne Mai Kwalba ta kama kanta. Kwana biyu tana roƙo a zuci, kuma sai yanzu ta ji abin da take roƙo: a samu cuta a rijiyar yayarta. Ko kaɗan ce, ko ɗigo ɗaya a faranti, don gyaɗa kan nan ya zama gaskiya ta huta. Ta kashe famfo ta zauna a kan bokiti kife.

"Dakta, in mutum ya nuna ruwan ciyawa ya bari aka ɗauka na rijiya ne, me sunan abin da ya yi?"

Dakta ta miƙa mata takardar. "Kin san sunansa, Inna. Ni abin da zan iya ba ki takardar nan ce kawai."

Hanya mai sauƙi tana nan a buɗe, kuma ta gan ta. Ta kai takardar rumfa ta ce an sake gwaji a kwaleji, ruwa ya gyaru, shi ke nan, ba ciyawa ba kunya. Amma ta san mutanenta. Takarda ba za ta goge abin da suka gani yana gudu da idonsu ba, kuma Yaya za ta mutu tana ganin ta shekara talatin tana cutar da jarirai. In ana so rijiya ta tsira, sai an fito da kwalbar zumar. In kuma aka fito da ita, abin da ta shekara huɗu tana ginawa a rumfar Tela ba lalle ya kai wata Asabar ba.

Da ta fara zuwa wurin Yaya, da ya fi kyau. Ba ta iya ba. Mutum arba'in sun fi mata mutum ɗaya sauƙi.

Ranar Asabar ta ajiye abu biyu a kan teburin yanka yadi: bokitin ruwan da ta sa matar Tela ta jawo daga rijiyar a gaban shaidu, da kwalbar zuma, ciyawar ciki ta yi baƙi tana wari. Ta ɗiga na bokiti, ta ce a leƙa. Aka leƙa, babu komai. Ta ɗiga na kwalba, ga su nan suna ta gudu. Sannan ta faɗi yadda aka yi, tun daga Lahadin farko har gyaɗa kai, muryarta a daidai, kamar tana bayanin tsatsa. Ta karanta takardar Dakta. Ta ce, "Na san ba haka ba ne lokacin da na gyaɗa kai. Ba mantuwa ba ce."

Ta tsaya jiran zagi. Abin da ya zo ya fi zagi ban haushi.

"Allah sarki," in ji matar birkila. "Jini ba wasa ba. Rufa wa yayarta asiri take yi."

"Ƙwarai kuwa," in ji Mai Kemis, ya gyara zama. "Inna, mu ba yara ba ne. Wancan makon ƙwari, wannan makon ciyawa? Takarda kuma ai a wurin aikinki aka rubuta ta."

"Wallahi ƙaryar a wancan karon take, ba yau ba!"

"To mu wanne za mu ɗauka?" in ji direban. "Wadda ta ce ta yi ƙarya, ta yaya za a san ba yanzu take yin ta ba?"

Mai Kwalba ba ta taɓa kawo wa ranta cewa mutum zai tona wa kansa asiri a ƙi karɓa ba.

Tela ne ya ajiye almakashi ya miƙe. "Ku dakata. Kai Mai Kemis, ruwan robar nan da kake sayarwa, mai hatimi, ka yarda da shi?"

"Fiye da yadda na yarda da ɗinkinka."

"Madalla. Je ka ɗauko ɗaya. Ka tsinko ciyawa da hannunka, ka zuba da hannunka, ka kulle a shagonka, makulli a aljihunka. Inna ba za ta ko gaishe ka ba har Laraba. In ba a ga komai ba, ni zan taya birkila kwaɓa siminti."

"In kuma an gani?"

"Sai ka sha."

Aka yi dariya, amma ba irin ta da ba. Mutane suka watse tun rana ba ta bar teburin ba. Wata tsohuwa da ba ta taɓa fashin zaman ba ta tsaya a gaban Mai Kwalba ta ce, "Ni na yarda da ke yau. Shi ya sa ba zan ƙara zuwa ba." Ta ja jikarta suka tafi.

Labari ya riga ta isa gidan ƙarshen layi. Ta tarar da Yaya a kujerarta, fuskarta a bango. Ta durƙusa a kan busasshen simintin, akwatin madubin a gefenta.

"Yaya."

"Na ji."

"Ki aika wa birkila kada ya zo."

"Na aika tun ɗazu. Ni na san lokacin da kike ƙarya, Auta, ƙasa kike kallo. Ran Lahadin nan ƙasa kika yi ta kallo, na ɗauka tausayina kike ji." Ta juyo. Idonta a bushe yake. "Mako biyu ban yi barcin kirki ba. Ina ƙirga yaran da suka mutu a unguwar nan tun da aka haƙa ta, ina cewa wanne ne nawa. Me na yi miki?"

"Ba ki yi min komai ba."

"Na hana ki ci? Na dake ki?"

"Ba ki yi min komai ba, Yaya. Ke ce dai kullum... ke ce mai rijiya. Ni ƙanwar mai rijiya."

Yaya ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Rami ne fa, Auta. Rami ne da ruwa a ciki, wani ya haƙa ya mutu ya bar min. Ke da kike da abu a kanki, kike kishin rami?" Ta murza gwiwa. "Ni da zan iya tashi in je rumfar nan da na je. Sau nawa ina tambayar matan nan me kika nuna, su ba ni rabi su cinye rabi."

Mai Kwalba ta kifa fuska a cinyarta, ta yi kukan da rabonta da shi tun tana 'yar shekara goma. Yaya ba ta shafa kanta ba, ba ta kuma ture ta ba. Ta bari ta gama.

"To share hancinki ki saurara. Mutum nawa ne a rumfar yau?"

"Za su kai arba'in."

"Maganar ta shiga gida ya fi ɗari. Waɗanda suka ji ƙwarin ba su ji ciyawar ba, kuma ba za su ji ba, don ciyawa ba ta da daɗin ba da labari. Yadda kika ɓata ta a taro, gida-gida za ki gyara ta. Ki ɗauki abin naki da kwalbarki mai wari, ki fara daga gidan mai wanki, ki bi layin makaranta, ki zagayo ta bayan kasuwa. Kowace ƙofa ki faɗa da bakinki. In kin gama ki zo mu yi maganar yafiya."

Ranar Laraba Mai Kemis ya buɗe shagonsa a gaban mutum tara, ya ɗiga ruwan robarsa da hannunsa, ya leƙa ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya ce shi dama ya san ciyawa ce, gwada su yake yi. Tela ya miƙo masa kofi. Washegari bokiti shida suka shiga gidan Yaya, aka ji muryarta har titi tana yi wa wata faɗa a kan jan guga. Wasu gidajen ba su dawo ba har yau. Zaman Asabar ya koma mutum goma sha ɗaya, kuma yanzu duk abin da Mai Kwalba ta ɗora a gilashi sai an tambaye ta daga ina, wa ya ɗebo, a gaban wa. Tana amsawa.

Zagayen ya ɗauke ta mako bakwai, don sai ta taso aiki take yi, kuma dole ta gama kafin rana ta yi ƙasa. A gida na farko, mai wanki ta fito hannu duk kumfa, ta dubi akwatin ta dubi kwalbar.

"Inna, lafiya? Ko mu ma an gano mana wani abin ne?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ƙarya na yi wa yayata, na zo in nuna miki yadda na yi ta. Ina rana ta fi faɗowa a gidan nan?"

Mai wanki ta goge hannu a zani, ta janye igiyar shanya gefe, ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira ta kan katanga ta ce ta zo da kujera.